Jan Maɓallin da Kike Mayarwa Cikin Kwano

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a bakin famfon asibitinmu ina wanke almakashi, direban motar da ke kawo mana magunguna ya zo ya tsaya a bayana. Na juyo na ce masa in ya zo da kaya ya sauke, in bai zo da su ba ya matsa mini in wuce. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Mama, Mai Maɓalli ta rasu." Allah ne Ya ba mu aronki, Yaya, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, kuma can wurinSa dukkanmu muka dosa. Na faɗi haka da bakina a wurin. Na zauna a kan dakalin famfo, ruwa yana ta zuba, sai direban ne ya rufe.

An ce a ɗakin gwaji na babban asibiti kika yanke jiki kika faɗi, kina tsaye kina jera kwalaben jinin da kika kwaso daga ƙauyuka. Kafin a kai ki kan gado rai ya yi halinsa. Hawan jini ne, kuma duk mun san kina da shi. Sau nawa na ɗaura miki abin awo a dantse, na ga abin da ya nuna na yi ta masifa, ke kuwa kina dariya kina cewa na cika surutu? Ba zan ɓoye miki ba, har yau ina jin haushin wannan dariyar. Kin iya lallashin kowa ya sha magani, ban da kanki.

Saboda waɗanda za su karanta wannan ba su san ki ba, bari in faɗi ko ke wace ce, da ni da nake kiranki Yaya alhali ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Ni ungozoma ce a wani ɗan asibiti mai ɗaki uku, can inda hanyar mota take ƙarewa. Ke kuwa ma'aikaciyar jinya ce da ta ƙware a kan cututtukan da yara ke gada daga jinin iyayensu, musamman sikila. Duk wata kina zuwa mana daga birni, da akwatin ƙanƙara a kan cinyarki don kada hanya ta jijjiga shi. Ki ɗebi jinin masu so, ki koma da shi a gwada, wata mai zuwa ki dawo da sakamako. Daga wurinmu kuma ki hau babur ki shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa.

Kafin zuwanki mun san ciwon, amma ba mu san kansa ba. Yaro zai yi watanni lafiya lau, sai hannuwa da ƙafafu su kumbura, idanu su yi rawaya, ya yi ta tsala ihu ko taɓa shi ba a iya yi. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce iska, wani ya ce baki. Amma ko me aka ce, a kan uwa maganar take ƙarewa: nononta ne ba kyau, jininta ne, a danginsu ake haifar irin waɗannan. Da hannuna na karɓi haihuwar yaran nan, da idona kuma na ga iyayensu mata suna wucewa ta gaban asibiti da ƙullin kaya a ka, wai an ce su je gida su huta. Da yawansu ba a sake nemansu ba.

Ke ba ki zo mana da dogon turanci ba. Kin zo da gwangwanin alewa cike da maɓallai, farare da jajaye, da ƙananan kwanoni biyu na roba. Za ki sa a rufe ƙofa, ki zaunar da miji da mata a kan benci ɗaya, ki ajiye wa kowa kwanonsa, a cikin kowane kwano farin maɓalli ɗaya da ja ɗaya. Ki ce wannan kwanon jininka ne, wannan kuma nata. Ku duka lafiyarku ƙalau, amma kowannenku yana ɗauke da ja ɗaya a ɓoye, wanda shi ma gadonsa ya yi. Sai ki ce su rufe ido kowa ya zaro ɗaya. Fari da fari, yaro lafiyayye. Fari da ja, lafiyayye ne, sai dai yana ɗauke da abin kamar iyayensa. Ja da ja, shi ne sikila. Na ga manyan maza masu faɗa a ji sun buɗe tafin hannu sun ga ja a ciki da idonsu. Ba ki taɓa ce wa wani ka gani, laifinka ne ba. Cewa kike yi hannu biyu ne suka zaro, kuma duk ido a rufe.

Amma abin da kika fi tsayawa a kai shi ne na bayan nan. Da an zaro an gani, sai ki karɓi maɓallan ki mayar da kowanne kwanonsa, ki girgiza, ki ce a sake. Na tambaye ki dalili tun a farkon zuwanki, kika ce akwai kuskure ɗaya da kusan kowa ke yi. In aka ce wa mutane ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da ciwon, sai su ɗauka in sun haifi mai ciwo guda to sun fita, uku masu zuwa lafiyayyu ne. Alhali kowane ciki daga farko ake somawa, jan yana nan cikin kwano bai je ko'ina ba. Wani gida a haifi biyar ba mai ciwo, wani gida biyu a jere. Shi ya sa ko da wasa ba ki yarda a ture jan maɓalli gefe. Yara ne suka raɗa miki Mai Maɓalli, sunan ya bi ki har ya danne naki na ainihi.

Mun sha faɗa da ke a kan jinkiri. Ni mutum ce mai gaggawa. Layi yana jirana a waje, masu awon ciki suna ta mita, ke kuwa kin kulle mini ɗaki ɗaya cikin uku, kina zaune da mutum biyu, kin yi shiru sun yi shiru. In ƙwanƙwasa in ce, "Yaya, don Allah ki faɗa musu kawai mana su tafi!" Ki leƙo ki ce, "Na faɗa. Jira nake su ji." Ba ki ba da sakamako ta waya, ba ki ba da saƙo a kai wa wani. Abin da kika fi ƙi shi ne a gaya wa mace ita kaɗai, a bar ta ta je ta fuskanci gidan miji da labarin. A lokacin wallahi gani nake tsirfa ce kawai irin taki.

Shekarar da ruwa ya cinye gada mun fid da rai da zuwanki. Sai ga ki da la'asar, zane a naɗe har gwiwa, takalma a hannu, akwati a ka, kin yi kaca-kaca da laka. Na ce ke kam wace irin mace ce, sakamakon guduwa zai yi? Kika ce akwai wata jaririya da ya kamata ta fara shan magani tun ciwon bai nuna kansa ba, wata guda ya yi mata yawa. Yarinyar nan yanzu tana zuwa makaranta da ƙafarta. Da uwarta ta ji rasuwarki, wurina ta zo ta yi kukanta, don ba ta san hanyar gidanki ba.

Ba kowa ke son ki ba, kuma ba zan rubuta ƙarya don kin mutu ba. Wani dattijo ya taɓa tare ki a bakin ƙofa ya ce ke ce mai raba aure, tun da kika fara zuwa samari da 'yan mata suke fasa juna. Da na ji, raina ya ɓaci, na fito da niyyar in wanke shi tas. Kika riƙe mini hannu, kika ba shi kujera, kika saurare shi har ya gaji. Gaskiyar magana ba ki taɓa ce wa kowa yi ko bari ba. Masu niyyar aure da suka zo gwaji, kin nuna musu abin da ke cikin kwano, kin gaya musu yadda rainon mai ciwon yake ba ƙari ba ragi, kin bar su da zaɓinsu. Wasu sun fasa suna kuka, wasu sun yi aurensu ido a buɗe, kuma duk kin ci gaba da gaisawa da su. Dattijon bai taɓa cewa ya yarda da ke ba, amma bara shi ya rako jikarsa gwaji, ya zauna a waje yana kallon wani gefe.

Yanzu bari in zo kan abin da ya tsaya mini a rai, domin wannan rubutu ba yabo kaɗai ba ne, har da ƙorafi. Kin tafi kin bar aiki a tsakiyar gidana.

'Yata tana auren wani tela, yaro mai hankali da fara'a, ba abin da zan ce ya yi mata sai alheri. 'Yarsu ta fari tana da sikila. Ke kika gano, ke kika ɗora ta a kan magani. Tela ya ba da jininsa ba gardama, amma zaman nan na benci ya ƙi yi. Kullum ɗinki ya yi masa yawa. In kin bi shi shago sai ya tare ki da barkwanci: "Haba Hajiya, ni da nake wuni cikin maɓallai, ni za a koya wa maɓalli?" Ki yi dariya ki ce za ki kama shi wata rana. Kin ce mini tsoro ne, ba raini ba. Tunda yarinya ba za ta jira ba, dole ta sa kika karya dokarki kika yi wa 'yata bayani ni da ita. Abin da ya isa kunnen Tela guntu-guntu shi ne ɗaya cikin huɗu, ya kuwa riƙe shi gam.

Mahaifiyarsa dama tun ciwon yarinyar ta fara cewa su a danginsu ba a san wannan abu ba. Da 'yata ta sake samun ciki, da lissafin nan Tela ya rufe wa mahaifiyar tasa baki: ai sun riga sun haifi ɗayan, saura uku lafiyayyu. Ta ce to, za ta gani. In na biyu ya zo da shi, ta san ba lissafin likita ba ne, jinin matar ne, kuma ba za ta zuba ido ɗanta ya ƙare a jinya ba. 'Yata ta yi ƙoƙarin gyara masa, ya ce ta daina yi wa cikinta mugun fata. Ni ma na gwada. Amma wace suruka ce za ta zaunar da mijin 'yarta ta yi ta ja-in-ja da shi a kan haihuwa? Da na fara sai ya sunkuyar da kai ya ce to Mama, ya sulale.

A watan jiya 'yata ta haihu, santalelen namiji. Ni na karɓe shi, na ce ga sabon maigidana ya iso. A zuwanki na ƙarshe kika soki diddigensa kika ɗiga jinin a kan ɗan kati. Kina ɗaure jakarki kika ce mini, "Ko me ya fito, wannan karon sai Tela ya zauna, ko da zan ɗauke masa keken ɗinki." Muka yi dariya. Shi ke nan ganina da ke.

Bayan rasuwarki da 'yan kwanaki wayata ta yi ƙara ina tsakiyar awon ciki. Wani matashi ne daga ɗakin gwaji, muryarsa duk ladabi. Ya ce tunda an dakatar da fita ƙauyuka sai an sami wanda zai maye gurbinki, an ce su riƙa kiran mutane suna sanar da su. Ya ce jaririn yana da sikila, ya ce Allah Ya ba shi lafiya, ya kashe don ya kira na gaba. Ban ga laifinsa ba, abin da aka sa shi ya yi. Amma na tsaya da waya a hannu ina tunanin matan da kiran nan zai samu a bakin murhu ko a gona, su kaɗai, ba benci ba kwano, ba wanda zai ce musu hannu biyu ne. Ni da nake ma'aikaciya na rasa ta yi, ina ga su?

Na ɗauki maganar na yi ta yawo da ita a ciki. In shiga gidan 'yata in tarar Tela yana rungume da yaron yana cewa wannan kam ƙato ne, har ya ɗinka masa rigunan shekara mai zuwa. Mahaifiyarsa tana gefe tana duba 'yan yatsun jaririn da farin idonsa, tana jira. In fito in rasa inda zan sa kaina. In na yi shiru, yaro yana asarar kwanakin da ya kamata ya fara magani. In na faɗa yadda aka faɗa mini, auren 'yata ne zai tafi. Na ji haushinki a kwanakin nan, Yaya, haushi na gaske, Allah Ya yafe mini.

Da na je gidanki gaisuwa, maigidanki ya sa aka kira ni gefe. Ya miƙo mini leda, ya ce an kawo masa jakarki daga asibiti, shi bai san abin da zai yi da wannan ba, amma ya sha jin kina ambatona. Gwangwanin ne da kwanonin biyu. Ɗaya ya tsage a baki, kin liƙe shi da filasta. A kan cinyata na riƙe ledar har gida.

Washegari na sallami masu awo da wuri, na aika a kira mini 'yata da Tela da mahaifiyarsa, na rufe ƙofa. Tela ya shigo da tef ɗin awo a wuya, ya ga kwanoni a kan tebur ya yi 'yar dariya, ya ce ashe gado na ci. Na ce, "Zauna, ɗana." Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Ya zauna. Mahaifiyarsa ta ƙi benci, ta ja kujera bakin ƙofa. 'Yata tana riƙe da jaririn, kuma tun da ta kalli fuskata ta gane, ta sunkuyar da kai.

Na yi bayanin yadda kike yi, na manta rabi. Na ce mu fara da abin da muka sani, wato babbar 'yarku, na sa kowa ya ɗauki jan da ke kwanonsa. Tela ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Wannan ne karo na farko da ya ga nasa jan da idonsa. Can ya karɓi na matarsa ya haɗa da nasa, ya ture su ƙarshen tebur, ya ce to an wuce wannan, a ci gaba.

Na miƙa hannu na ɗauko su. Na mayar da nasa kwanonsa, na mayar da nata kwanonta, na girgiza. Na ce yanzu su rufe ido su zaro wa na biyu.

Bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Mama, ai an riga an cire shi."

Na ce, "Ba a cire shi, ɗana. Kowane ciki yana nan."

Sai na yi shiru. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan shirun ba. Bakina yana ta ƙaiƙayi, ina so in ba shi haƙuri, in yi masa wa'azi, in faɗi ko me ne ne, amma na danne. Ya kalli kwanon, ya kalli matarsa, ya kalli yaron da ke barci cikin rigar da ya ɗinka masa. Ya ce, "Shi ma?" Na gyaɗa kai. Ya cire tef ɗin daga wuyansa ya rufe fuska da hannu biyu.

Mahaifiyarsa ta miƙe. Na ce a raina to, ga ta nan, na shirya mata. Ta zo bakin tebur ta sa hannu cikin kwanon ɗanta ta ɗauko jan. Ta tambaye ni shi wannan a ina ya samo. Na ce ko daga mahaifinsa, ko daga gare ki. Ta daɗe tana jujjuya maɓallin. Da ta yi magana, ba da ni take ba, ba kuma da kowa ba. Ta ce, "Kafin shi na haifi biyu. A jere. Hannuwansu suka kumbura." Ta tsaya ta ja numfashi. "Aka ce nonona ne." Tela ya ɗago yana kallonta, ya san yana da yayye da suka rasu suna ƙanana, amma bai taɓa jin yadda suka tafi ba. Ta mayar da maɓallin cikin kwano da hannunta, ta gyara mayafi ta fita.

Ba zan ce miki komai ya daidaita ba. Ba ta ba 'yata haƙuri ba, ban kuma sa rai ba, amma zuwa yau dai ba ta sake maganar jinin matar ba. Yaron ya fara shan magani a ranar, kuma Tela da kansa ya tsaya ya koyi yadda ake auna shi. Sai dai gida ɗaya ne da masu sikila biyu, kuma ni na san abin da ke gaba, na san irin ihun da za mu ji. Bayan haka ga sauran ƙauyukan. Ni ungozoma ce, abin da na tsinta a bakin ƙofarki kawai na sani, akwai cututtukan da kike yi wa mutane bayani da ko sunansu ban iya faɗa ba. Ina roƙon masu iko da wannan aiki, don girman Allah, su daina kiran waya, su turo mutum. Su turo wanda zai iya zama.

Jiya wata mata ta zo daga nesa da goyo a baya, idanu sun kumbura, mijinta yana tsaye can bakin titi ya ƙi ƙarasowa. Kiran ya same ta. Ta tambaye ni yaushe Mai Maɓalli za ta zo. Na gaya mata gaskiya, na fita da kaina na lallaso mijin, na ce wa masu layi su yi ta mitarsu, na rufe ƙofa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki da jikokinki waɗanda muka riƙa ƙwace musu ke duk wata, da 'yan uwanki, da abokan aikinki, da duk uwar da ta ci gaba da zama a ɗakinta ta dalilinki. Allah Ya ba ku dangana, Ya tsaya muku a inda ta bari. Ke kuwa Yaya, Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata miki kabari Ya haskaka shi, Ya sa kowace tafiya da kika yi cikin laka ta zame miki nauyi a mizani, Ya sada ki da rahamarSa a Aljanna. Mu kuma da kika bari da kwanoni a hannu, Allah Ya ba mu haƙurin yin shiru har mutane su ji.